Kefas Ya Ƙirga Tsofaffin Soja

Mu mutanen Zuru muna da haƙuri a kan abubuwa da yawa. Ka ce mana hanyarmu ta lalace, mu taya ka faɗa. Ka ce dawarmu ba ta yi kyau ba bana, mu ce haka Allah ya so. Amma ka kuskura ka ce akwai garin da ya fi mu yawan soja, to ka nemi wurin zama, don sai an lissafa maka su gida-gida har yunwa ta kama ka. Wannan halin namu ne ya ba Kefas filin yin tsiyarsa, shi ya sa in ana rabon laifin abin da ya faru ba na yarda a ɗora masa shi kaɗai.

Kefas yana da ɗan shago a Rikoto, inda yake buga wa mutane katin biki da takardar neman aiki. Ya taɓa zuwa Sakkwato ya yi kwas ɗin kwamfuta na 'yan watanni, ya dawo da tabarau wanda ba na ciwon ido ba, da sunan Injiniya wanda shi ya raɗa wa kansa a cikin mota kafin a iso gida. Tun daga ranar ba a ƙara jin ya ce bai san abu ba. In wayarka ta ƙi kamawa, ya karɓa ya jujjuya ta ya ce matsalar daga sama take. In injin niƙa ya tsaya, ya zo ya tsaya a kansa, hannu a aljihu, ya ce da a kwamfuta ne da tuni ya gama da shi.

Mutum ɗaya ne ya gagari Injiniya, shi ne Saja Ishaya, shugaban ƙungiyar tsofaffin sojoji ta yankin, kuma uban Dinah, yarinyar da Kefas yake so kamar ransa. Dinah malamar firamare ce, tana da hankali, kuma tana son Kefas, abin da har yau ƙawayenta ba su gane kansa ba. Iyaye sun gaisa, an kai abin da ake kaiwa, saura sa rana. Nan Saja ya kafe, ya ce a gidansa ba a ɗaukar ɗiya sai an yi golmo, wato saurayi ya zo da sa'o'insa su yi wa uban yarinya noma kamar yadda kakanni suka yi. Gidaje da yawa sun bar wannan al'adar, amma Saja ya ce shi ba wanda ya ba shi umarnin barinta.

Kefas ya je gonar sau ɗaya. Ya sa farin takalmi, ya ɗauki hoto da fartanya, ya sare dawa ya bar ciyawa, tafin hannunsa ya yi bororo. Kafin rana ta take ya ce an kira shi aikin gaggawa a shago. Abokan da ya gayyato kuwa, dama tun isowarsu suka zauna a gindin ɗorawa suna ba shi shawara.

Ana cikin haka ƙungiya ta yanke cewa bayan girbi za a yi babban fareti. Tsarinsu shi ne, waɗanda ba su kai saba'in ba su yi hidima, waɗanda suka haura tamanin su zauna a inuwa, 'yan saba'in zuwa tamanin kuwa su ne za su taka, kowa da sabuwar koriyar hula, ƙila karo na ƙarshe a rayuwarsu. Matsalar ita ce ba wanda ya san su nawa ne. 'Yan ƙungiyar sun warwatsu daga Rikoto zuwa Mahuta har can wajen Wasagu, wasunsu ba a ganinsu sai an yi rasuwa.

Da Kefas ya ji haka bai ko rufe shago ba. Ya tarar da Saja a ƙofar gida yana gyaran igiyar akuya, ya durƙusa ya gaishe shi.

"Baba, yanzu golmo iri biyu ne. Akwai na fartanya, akwai na kai. Ka bar mini ƙirgan nan, in yi maka da kwamfuta aikin da samari ashirin ba su iya yi."

Saja ya dube shi daga tabarau zuwa takalmi. "Injin naka ya san soja?"

"Baba, injin nan ya san kowa."

"To. In an tashi fareti lafiya, a filin faretin zan faɗi ranar aurenku gaban jama'a. In an samu akasi, kai ka sani."

Rabin maganar na farko kawai Kefas ya ji. Kafin yamma ya gaya wa mai shayi da mai faci da duk wanda ya zo buga takarda cewa a shirya cin shinkafa.

Ya hau kabu-kabu ya shiga ƙauyuka da kwamfutarsa a goye. Nan ya tarar da abin da ba a koya masa a Sakkwato ba: tsohon sojan Zuru shekaru biyu gare shi, akwai na gida, akwai na soja. Da yawansu suna yara suka gudu suka shiga aikin, suka ƙara wa kansu shekaru don a ɗauke su. Wasu kuma daga baya suka rage don kada a yi musu ritaya da wuri. Wani Kofur Solomon, tsoho mai fara'a da 'ya'ya goma sha bakwai, ya ce a gida shekarunsa saba'in da biyu, a soja saba'in da tara, a coci kuma bai tuna abin da ya faɗa musu ba, Injiniya ya zaɓi wanda ya yi masa. Kefas ya yanke hukunci cewa faretin soja shekarun soja yake bi, aka wuce wurin. Saja Ishaya kuwa bai ɓata masa lokaci ba. Ya ce nasa tamanin ne cif, ba ƙari ba ragi, a gida da bariki duka.

Sai matsala ta biyu. Tsofaffin nan yawancinsu ba su riƙe waya. Masu riƙewa kuma in ta yi ƙara sai su miƙa wa jika. Wanda duk Kefas ya tambaya yadda za a same shi, sai ya ce a kira 'ya'yansa, ya shiga jero su: na Kaduna, na bariki a Legas, wadda take aure a Ribah. Wannan bai tayar wa Injiniya da hankali ba, daɗi ma ya ji, don ya samu wurin nuna ilimi.

Ya dawo shago ya buɗe abin da ya kira rumbun bayanai, ya tara masu wucewa yana musu bayani ba tare da sun tambaya ba. Ya ce tebur biyu zai yi. Tebur na farko na iyaye ne, kowane tsoho da sunansa da shekarunsa da lambar da ya ba shi. Tebur na biyu na 'ya'ya ne, kowane ɗa da lambar wayarsa, a gefe kuma lambar ubansa. Wannan lambar uban ita ce igiyar da ta ɗaure teburan biyu, in ka ja uba 'ya'ya su biyo, in ka ja ɗa uba ya biyo. Har nan, tsakani da Allah, Kefas bai yi kuskure ba, kuma ina faɗin haka ne don a san kwas ɗin Sakkwato bai tafi a banza duka ba.

Ranar ƙirga ya sa riga mai dogon hannu. Ya ce mai ƙaramin ilimi shi yake yin aiki ɗaya-ɗaya, shi jifa ɗaya zai yi ya gama duka. Ya ba injin umarni ya haɗa teburan biyu, ya fito masa da duk tsohon da ya wuce saba'in bai kai tamanin ba, tare da wayar 'ya'yansa, sannan ya ƙirga masa layi nawa aka samu. Inji kuwa ba shi da kunya kuma ba shi da wayo, abin da aka ce masa shi yake yi. Duk ɗan da ya tarar sai ya jawo sunan ubansa ya ajiye a gefensa a sabon layi. Mai 'ya'ya huɗu ya fito sau huɗu, mai goma ya fito sau goma. Da ya gama ya ƙirga layukan ya ba da amsa: ɗari biyu da arba'in da uku.

Kefas bai duba sunayen ba. Ya ce injiniya lamba yake dubawa, karanta sunaye aikin mai kiran layi ne a asibiti. Ya rubuta adadin da manyan baƙaƙe ya manna a ƙofar shago.

A nan ne namu laifin ya shigo. Ba wanda ya ji adadin nan bai ɗan yi jim ba, kuma ba wanda bai haɗiye jim ɗinsa ba. Haladu tela, wanda aka ba ɗinkin huluna, ya ajiye almakashi ya ce, "Injiniya, ɗari biyu da arba'in da ukku kac ce? Ina anka ɓoye su?"

"Haladu, kai ka san zare, ni na san lissafi. Ko kana nufin Zuru ba ta kai ba?"

Haladu ya ce subhanallahi, shi wa zai ce haka, ai shi dama yana ganin sun ma fi haka. Ya kwashe koren yadi kaf a kasuwa, har sai da aka aika Kontagora neman ƙari. Mutanen Rikoto suka ce ai sauran suna Mahuta. Mutanen Mahuta suka ce ai Wasagu ce matattararsu. Na wajen Wasagu suka ce dama sun san cikin gari cike yake da su. Kowa ya tura wa maƙwabcinsa tsofaffin da ba ya gani, kowa kuma ya kwana da farin ciki.

Saja Ishaya da kansa, da aka kai masa labari, ya motsa yatsu kamar mai lissafi, sannan ya gyara zama ya ce ashe har yanzu da sauranmu. Daga ranar ya fara amsa gaisuwar Kefas da baki maimakon da kai.

Abu ya fara girma. An yi niyyar yanka sa ɗaya, aka koma wurin Ɗan'azumi mai shanu aka ce uku. Mama Theresa, matar Saja, ta bi gidaje tana aron tukwane har ta kai ga aron na masu dafa burukutu. Filin makarantar da aka zaɓa aka ce ya yi kaɗan, aka koma babban filin ƙwallo na bayan gari. Kefas ya sa aka kawo farar ƙasa, ya bi filin yana ɗiga wa kowane soja wurin tsayawarsa, ɗigo ɗari biyu da arba'in da uku, layi-layi, yana yi yana tsawata wa awaki. Labari ya kai Kaduna ga wani Kanar Aaron, ɗan gari mai ritaya, ya aiko cewa shi zai karɓi gaisuwar faretin, kuma zai zo da abokansa su ga abin da yake gaya musu kullum suna ƙaryata shi.

Sannan Kefas ya danna wani maɓalli, saƙo ya tafi ga kowace lambar waya da ke cikin layukan nan: a kawo Baba fareti, za a karrama shi. 'Ya'yan suka ɗauka kowa shi kaɗai aka zaɓa a gidansu. Na Legas ya nemi hutu, ta Ribah ta goyo jariri, na Kaduna ya cika mota da yara.

Dinah ta zo shago ta ce ita abu ɗaya ya ɗaure mata kai. Duk ƙawayenta 'ya'yan soja sun samu saƙo, amma a gidansu, su goma sha ɗaya, ba wanda wayarsa ta yi ko tari.

"Haba Dinah, shugaba guda zan tura wa gayyata zuwa bikinsa? Ai raini ne."

"Ka dai duba, Kefas."

"Na duba."

Bai duba ba. Ya dai goge tabarau ya tambaye ta wane launi take so a katin aure.

Da aka kira gwaji, tsofaffi ashirin da 'yan kai suka zo, suka tsaya a kusurwa ɗaya ta filin. Saja ya tambayi sauran. Kefas ya ce na nesa ba su zuwa gwaji, kuma soja na gaske ba ya bukatar a tuna masa tafiya. Tsofaffin suka ce wannan gaskiya ne, yaron nan ya fara hankali.

Ranar fareti gari ya cika har ba wurin ajiye babur. 'Ya'ya da jikoki da surukai suka zagaye filin, masu ganga suna ta aiki, ƙamshin nama ya kai bakin titi. Wanda duk ya ga taron ya ce lallai lissafin Injiniya ya fito. Kanar Aaron ya zauna a rumfa da baƙinsa. Huluna suna jere a kan tebura uku, Haladu yana tsaye a kansu cikin babbar riga. Tsofaffin da za su taka suna bayan rumfa inda jama'a ba su ganinsu sosai, sai Saja Ishaya da ya fito gaba cikin tsohon kakinsa, kai ba hula, ya ƙame a rana yana jiran a kira shi ya karɓi tasa ya ja zuga.

An so a ba wani tsohon malami kiran suna, Kefas ya ce a'a, daga inji za a karanta kai tsaye, kuma ba mai taɓa injin sai shi. Ya ɗora kwamfuta a kan tebur, ya karɓi lasifika, ya yi jawabin da ba a sa shi ba a kan zamani da ci gaba, ya gode wa kansa a fakaice, sannan ya fara.

Sunan farko Las Kofur Abel ne. Wani siririn tsoho ya fito yana taku, ya sara wa Kanar, ya karɓi hula, ya je ya tsaya a ɗigon farko. Aka yi tafi. Kefas ya dubi layi na biyu, ya ga Las Kofur Abel. Ya ce a ransa Abel ai da yawa a ƙasar nan, ya kira. Tsohon nan dai ya juyo, ya dawo, ya sara, ya karɓi hula ta biyu, ya koma ya tsaya a ɗigo na biyu. Soja in an kira shi amsawa yake, ba ya tambayar dalili. A kira na huɗu jama'a suka ɗauka wata sabuwar karramawa ce aka zo da ita daga Sakkwato, suka ƙara tafi.

Na biyu ya fito sau shida. Na uku sau tara, har ya nemi a ba shi ruwa a hanya. Tafi ya fara raguwa, ƙus-ƙus ya fara yawa. Ɗaya daga cikin baƙin Kanar ya sunkuya ya tambaye shi ko haka ake yi a nan, Kanar ya ce masa ya bari ya gani.

Sai aka zo kan Kofur Solomon.

Solomon mutum ne mai son taro. Kira na farko ya fito da taku mai kyau. Na biyu ya ƙara da juyi. Da hannuwansa suka cika ya fara ɗora hulunan a ka, ɗaya bisa ɗaya, yana tafiya a hankali kamar mai tallan ƙwai. Yara suka fara ƙirgawa da ƙarfi, manya suka kama musu. Duk kiran da aka yi, sai wani ɓangare na filin ya ɗauki guɗa, domin kowane ɗa nasa ya zo da tawagarsa. Wajen kira na goma sha biyu ne idon Kefas ya sauka a gefen sunan, ya ga sunan ɗaya ne, shekarun ɗaya ne, lambar waya ce kawai take canzawa. Ya dubi filin, ya ga 'ya'yan Solomon suna ɗaga hannu ɗaya bayan ɗaya. Gumi ya karyo masa har tabarau yana zamewa. A nan ya gane ba sojoji ya ƙirga ba, haihuwarsu ya ƙirga.

Ya yi ƙoƙarin tsallake sauran, ya kira suna na gaba. Solomon ya tsaya cak da hasumiyarsa a ka, ya ce shi dai a kunnensa kamar da saura. Jama'a suka goyi bayansa. Kanar ya miƙe ya ce wanda ya fara kiran suna ƙarasawa yake, a karanta duk abin da injin ya rubuta, kada a bar layi ɗaya.

Haka Kefas ya karanta, muryarsa tana ƙanƙancewa. Ya roƙi Allah wuta ta ɗauke, ya tuna injin da batir yake aiki, kuma shi da kansa ya cika shi ya yi ta alfahari da hakan. Tsofaffi suka yi ta kai da kawowa har wasu aka kawo musu kujera tsakiyar hanya. Kowa in ya gama zagayensa sai ya tsaya a ɗigonsa na ƙarshe, don haka da aka kai ƙarshen layi, filin da aka shirya wa mutum ɗari biyu da arba'in da uku yana ɗauke da tsofaffi talatin, wannan a nan, wancan can nesa, sai sun ɗaga murya kafin su ji juna. Kowannensu ya rungume huluna kamar mai shirin buɗe shago. Tebura uku sun zama wayam. Haladu ya kakkaɓe hannu ya ce shi dai nasa lissafin ya cika, ba ta yi saura ba, ba ta yi kaɗan ba.

Dariya ta ci filin har masu ganga suka ajiye makaɗi. Amma ba ta daɗe ba ta fara mutuwa, daga gaba zuwa baya, domin mutane sun lura da abin da suka manta. Saja Ishaya yana nan inda yake tun farko, a ƙame, rana tana dukan furfurarsa, gumi ya jiƙa kakinsa har ƙugu. Ba a kira shi ba, shi kuma bai motsa ba.

Kanar ya juyo ya ce, "Injiniya, shugaba fa?"

Kefas ya duba sama ya duba ƙasa, babu Ishaya. Sai umarnin da ya rubuta ya dawo masa kalma-kalma: wanda ya wuce saba'in, bai kai tamanin ba. Saja kuwa ya kai tamanin, cif, ba ƙari ba ragi. Ƙungiya ta ce saba'in zuwa tamanin har da masu tamanin ɗin, shi kuma ya rufe ƙofa a daidai hancin surukinsa.

Ko a nan bakinsa bai mutu ba. Ya ce cikin lasifika wannan ƙaramin gyara ne, dama ya ajiye shugaba ne don ƙarshe saboda girmamawa. Ya sunkuya ya gyara umarnin yadda zai haɗa da masu tamanin, ya danna. Sunan Saja Ishaya ya fito. Kefas ya buɗe baki zai yi murna, sai ya ga sunan ya sake fitowa a ƙasa, ya sake, ya sake, har sau goma sha ɗaya. Layi na ƙarshe da lambar wayar Dinah a gefensa, lambar da ya haddace tun kafin ya haddace tasa.

Kanar ya ce a karanta.

Ya karanta. Saja ya taka ya zo gaban rumfa, ya sara, ya miƙa hannu, babu hula. Ya juya ya koma wurinsa. Aka sake kira, ya sake zuwa, ya sake miƙa hannu ga tebur wayam. Sau goma sha ɗaya tsohon nan ya yi wannan tafiyar, bai rage taku ɗaya ba, bai kuma dubi Kefas ba ko sau ɗaya, abin da ya fi duka zafi. Mama Theresa ta rufe fuska da gyale. Dinah tana bayanta, ta rasa ko kuka za ta yi ko dariya, ta yi duka biyun. A zuwa na ƙarshe Kofur Solomon ya tako daga can ƙarshen fili, ya zaɓo ɗaya daga saman kansa, ya ce Saja ya yi haƙuri da wannan, ita ce ba ta sha gumi ba.

Saja ya sa hular, ya gyara mata zama, ya ba da umarni, tsofaffi talatin da ɗaya suka matso suka yi layi. Suka taka, kuma wallahi sun taka da kyau, har baƙin Kanar suka miƙe tsaye. Mu kuma muka yi ta tafi muna satar kallon juna, kowa yana jira wani ya fara cewa dama shi ya san ba su kai ba.

Da aka tashi, Kefas ya naɗe waya zai sulale ta bayan rumfa, Saja ya karɓi lasifika ya ce Injiniya ya matso. Ya zo ya durƙusa a kan farar ƙasar da ya ɗiga da hannunsa.

"Ɗana, na yi alkawarin yin magana a filin nan, zan yi. Ka zo gidana ka nemi ɗiyar mutum ɗaya. Yau injinka ya nuna wa duniya mu goma sha ɗaya ne. Ni ba na gardama da ilimi."

"Baba, kuskure ne na..."

"Ka ce injin ya san kowa."

"Na ce, Baba."

"To ni kaɗai ba ni yanke magana a kan ɗiyar mutum goma sha ɗaya. Sai mun zauna mun yi shawara. Ka riƙa zuwa kana jin inda aka kwana."

Nama dai bai yi saura ba, 'ya'ya da jikoki sun ga bayansa. Huluna kuma sun shiga gari, har yau in ka ga mai tallan rake ko ɗan kabu-kabu da koriyar hula a Rikoto, ka tambaye shi wane ne kakansa. Kefas ya cire takardar ƙofar shago, ya koyi yadda ake ce wa inji ya ƙirga kowane uba sau ɗaya komai yawan 'ya'yansa, kuma yana koya wa duk wanda ya tsaya, yana farawa da cewa a tambaye shi, shi ya san inda ramin yake don ya kwana a ciki.

Duk Lahadi bayan an taso coci yana zuwa gidan Saja ya durƙusa ya tambayi inda shawara ta tsaya. Farko aka ce masa uku sun yarda, takwas suna nazari. Da ya taya gyaran rumbu aka ce sun zama shida. Dinah tana leƙowa ta taga tana nuna masa adadin da yatsu, tana cije leɓe. Lahadin da ta wuce ya je da kaza a hannu, ya gaida Saja, ya yi tambayarsa. Tsohon ya karɓi kazar ya auna nauyinta, ya miƙa wa Mama Theresa.

"Goma sun yarda, ɗana."

Kefas ya ɗago kai, bakinsa har kunne. "Saura wa, Baba?"

"Saura wanda ya tsaya cikin rana."